Zakaran da ke Cikin Faifai

Ina ɗan sha huɗu na fara,
ina riƙe wa Malam Gonda waya a wani zaure na Birni.
Akwatin ɗaukar murya ya fi tunkiya nauyi,
faifai biyu na juyawa kamar idanun mujiya,
makirfo ɗaya tak, an ɗaure shi da tsumma a kan taɓarya.
Mai kalangu, ja baya har bakin ƙofa.
Tsahara, matso.
Haɗin sautinmu ke nan: taku uku gaba, taku biyar baya.

In an yi kuskure babu gyara,
sai a koma farko, kowa na zufa.
Amsa-kuwwa kuwa da ƙafa ake nemo ta.
Mu ɗauki kaya a ka, mu shiga tsakanin duwatsu,
ta rera, dutse ya mayar mata.
Malam Gonda ya ce ga ɗan amshin da ba ya neman kuɗin goro.

Sai kaset ta zo.
Na kama rumfa a Kasuwar Dole,
rediyo mai baki biyu, ina juye dare da rana.
Kaset na haihuwar kaset,
jika ta goma sai shuuu kamar ruwa a kan kwano,
amma direbobin Agadas na saye.
In zare ya tsinke su liƙe da jan farce,
in ya zubo su naɗe da biro.

Shekarar da fiyano ta shigo daga Kano
Ɗan Jimma ya rataye kalangunsa a ƙusa.
Yaro ɗaya, yatsa ɗaya, ganga da sarewa duk a ciki.
Kiɗan ba ya gajiya, ba ya neman fura,
ba ya kuma jiran mawaƙiya in numfashi ya yanke mata.
Ɗan Jimma ya koma sayar da tattasai.
In na wuce nakan ga yatsunsa na kaɗa gefen mudu.

Yanzu jikana Nafi'u ke da sitidiyo a Karkada,
ɗaki ɗaya, bango shafe da kwalin ƙwai,
odinata, da janareto, don kuran ba ta da alkawari.
Yarinya ta shigo da murya kamar ƙofar langa-langa,
ta fita da murya mai santsi mai rawar ƙarfe.
Duwatsun Birni na ƙarƙashin yatsansa,
ya danna, su amsa.
Ban ce ba daɗi ba.
Na sha kama ƙafata tana bin kiɗan a ɓoye.

Jiya na kai masa tsohon faifan Tsahara.
Kafin shayi ya huce ya ce, Kaka saurara, na wanke ta tas.
Shuuu ya tafi.
Tarin Malam Gonda ya tafi.
Inda muryarta ta karkace a baiti na uku ya miƙe sak.

Na ce ina zakaran?
Ya ce datti ne, Kaka.

Zakaran gidanmu ne, ja, mai ɗingishi.
Ya yi cara daidai lokacin da ta ja numfashi,
dariya ta taso mata, ta haɗiye,
shi ne muryar ta karkace.
An yanka shi ranar sunan ƙanwata.
Tsahara ta kwanta dama, Malam Gonda ya bi ta,
ni kaɗai na rage da na san abin da ya faru a baitin nan.

Yaron ya sosa ƙeya, ya danna koma-baya.
Zakara ya yi cara a Karkada da la'asar sakaliya,
bayan shekara hamsin da ɗoriya.
Har mai facin taya ya leƙo.

Nafi'u ya maimaita, ya sake maimaitawa,
kansa ya fara gyaɗawa.
Ya ce, Kaka, in na yanko shi na sa a sabon kiɗa,
za ka ji haushi?

Na ce sa shi.
Amma kada ka gyara masa murya.